"Da ɗan gari akan ci gari": wa ya cancanci zama foman?

Mai Kwangila, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan kamfanin gini, mutum 14 idan an haɗa birkiloli, kafintoci, masu ɗaurin rodi da leburori. Foman ɗinmu ya manyanta, gwiwa ta hana shi hawa dekin, ya ce ƙarshen wata zai ajiye. Mutum biyu ne a gabana. Ɗaya birkilana ne, shekara 9 muna tare, ya san halin kowa, har mai rage suminti a gindin buhu ya sani. Ɗayan yaro ne mai babbar difloma (HND) a fannin gini, ya yi aiki a Abuja, yana karanta zane kamar wasiƙa. Da na kai wa mahaifina maganar, cewa kawai ya yi "da ɗan gari akan ci gari", ya ci gaba da jan carbinsa. Ni na ɗauka nufinsa in ba na gida. Ko na yi kuskure?

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma ka sake sauraren maganar. Me ake nufi da cin gari? Yaƙi ne. Kuma mai cin gari daga waje yake zuwa, ɗan garin nuna masa yake inda ganuwa ta zaizaye da ƙofar da masu gadi ke barci. Ka dubi Kano ɗinku. A watan Fabrairun 1903 Turawa suka shigo, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Da suka ci garin ba su iya riƙe shi su kaɗai ba, sai suka naɗa Wambai Abbas, ɗan gidan. To karin maganar ba ta ce ɗan gari ne shugaba ba, cewa ta yi baƙo ba ya kai labari sai da shi. In da ita za ka yi aiki, yaron Abuja za ka ɗauka, ka jingina shi da birkilanka.

Ɗan Maraɗi:
Malam, ai misalinka ya kayar da kai. Wa aka ɗora a karaga? Ɗan gida. Bature ya koma gefe yana karɓar haraji. A wannan lissafin Alhaji ne Baturen (afuwa Alhaji), foman kuwa shi ne sarkin da talakawa ke gani kullum. Mu a nan cewa muke baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Na yi aikin dako a wani sito, aka kawo mana shugaba daga waje, mai littafi da biro. Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Kawai in ya ce a loda mota biyu kafin azahar, sai a loda ɗaya da rabi, kowa na "to, ranka ya daɗe". Wata uku ya yi, rana ta fito, raɓa ta bushe.

Malam Na-Zazzau:
Ka kama ni ta gefe ɗaya, na yarda. Amma a yaƙi ɗan garin da ake cin gari da shi sunansa maci amana. Ban so mu riƙa yi wa maganar kwalliya kamar yabo ce.

Hajiya Mai Tuwo:
Ku maza kun tafi yaƙi, ku dawo. Alhaji, akwai wata da ba a kawo ba: ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. A gidan abincina na ɗaga yarinyar da ta fi kowa iya miya na ce ita ce babba. Ranar farko ta ce wa ƙawarta ta wanke tukunyar shinkafa, sai ta ce mata "yaushe kika zama Hajiya?" Tare suke adashi, tare suke zuwa biki, ta ina za ta yanke mata kuɗin makara? Ga miyar ta lalace don hannunta ya bar tukunya. Na yi asarar mai girki, ban samu shugaba ba. Birkilan nan naka, zai iya korar wanda suke cin ƙosai a takarda ɗaya da safe?

Injiniya Ƙarami:
Hajiya ta taɓo wurin. Ni kuma abin da ke damuna sabo, wanda aka ce turken wawa ne. Shekara 9 a kan bulo ba ita ce sanin kankare ba. In zane ya ce kwaɓi 1:2:4, wato suminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, tsohon hannu sai ya ƙara kwanon sarki biyu na yashi ya ce haka muka saba, bai taɓa faɗuwa ba. In an rubuta rodi mai kaurin milimita 16 a sa mai 12 saboda shi ke ƙasa. Dekin da ya kamata ya sha ruwa ya yi kamar sati uku, a cire katakon da wuri don kafinta na son kai shi wani aikin. Kankare sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Bene ba ya sanin ɗan gari da baƙo.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zane ba ya gaya maka wane lebura ne zai gudu in damina ta faɗi.

Baba Magini:
'Ya'yana, na karanta duka. Ni da laka na fara, tubali da makuba, kafin bulo ya zo. A sana'armu ta gado ba a taɓa ɗauko Sarkin Magina daga cikin maƙera ba. Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, magini ne ya shugabanci magina, kuma bakan gizon da ya ɗaura, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufin, har yau ana zuwa kallo. Amma wancan gini ne da ilminsa ke hannu. Na yanzu rabinsa a takarda yake, Injiniya bai yi ƙarya ba.

Abin da ya ba ni mamaki, duk kuna ta raba wa mutum riga ba wanda ya auna shi. Alhaji, ka tambayi birkilan? Birkila mai sauri a kan bulo ake biyansa, ranar da jiki ya yi daɗi ya ɗora da yawa ya tafi gida da kuɗinsa, ba mai kiransa da dare. Foman albashin wata ne, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, in rodi ya ɓace shi za a tsare. An taɓa ba ni, na riƙe wata biyar na mayar, na koma kan cokalina. Wani kuma in ka tsallake shi ka kawo yaro, ba zai ce uffan ba, sai ranar Asabar bayan biya ka ga ya tafi da mutum huɗu mafi kyau a cikin 14 ɗin.

Mai Kwangila, Kano:
Baba, wallahi ban tambaye shi ba. Sati biyu ina shawara da kowa ban da shi. Gobe in an tashi zan ja shi gefe. Mahaifina kuma na koma na ce ya fassara mini, sai ya ce shi ba da birkila yake ba, da tsohon foman yake, in je in ji wa zai nuna.

Malam Na-Zazzau:
To ka gani. Ashe akwai ɗan gari na uku, duk ba mu lissafa da shi ba. In ya faɗi sunan, Alhaji, ka dawo ka gaya mana, ni da Ɗan Maraɗi ba mu gama ba.