Muhawara: Shin a Gwada Duk Mai Neman Kwana a Masaukin Marasa Matsuguni?

Dakta (likitan ƙirji): Assalamu alaikum. Matsayina shi ne, duk lokacin da cutar numfashi take yaɗuwa, wajibi ne a yi wa duk wanda zai kwana a masaukin marasa matsuguni gwajin gaggawa, ko yana tari ko ba ya yi. Hujjata ita ce abin da ya faru a masaukin Pine Street Inn da ke Boston a Amurka, a farkon Afrilun 2020, inda aka gwada mutum 408 aka sami 147 ɗauke da korona, kuma kusan kashi 88 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba su nuna wata alama ba. Da an tsaya kan auna zafin jiki kawai, da yawancinsu sun shige sun kwanta cikin jama'a.

Hajiya (ma'aikaciyar jinya): Wa alaikumus salam, Dakta. Ba na musun alƙaluman, sai dai gwajin PCR aka yi a Boston, wanda ake kaiwa ɗakin gwaje-gwaje. Gwajin gaggawa na kati mai minti 15 kuwa ya fi kuskure a kan marasa alamomi, wato mutanen da kake son a kama da shi. Amma ba wannan ya fi damuna ba. Na yi aikin dare a wani masauki cikin hunturu, na sa wa wani dattijo tsinken auduga a hanci, layi biyu suka fito a katinsa, alamar yana ɗauke da cutar. Ya ɗaga jakar ledar da ke ɗauke da duk abin da ya mallaka, ya tambaye ni inda zai kwana, alhali ba mu da ɗakin killacewa a daren. Washegari wasu da muka saba gani ba su zo ba, sun gwammace sanyin titi da a gwada su a kore su.

Malam (jami'in jin daɗin jama'a): Ina bayan Hajiya. A ganina ɗaki ne ya ceci rayuka a Ingila, domin a Maris 2020 gwamnati ta umarci ƙananan hukumomi su kwashe masu kwana a titi da manyan ɗakunan kwana zuwa otal-otal, a shirin Everyone In. Jihar Kalifoniya ma ta yi makamancin haka da Project Roomkey.

Dakta: Hajiya, na karɓi gyaranki game da PCR. Amma ki tuna cewa a wancan lokaci sakamakonsa kan ɗauki kwanaki, kuma wanda ba shi da adireshi ko waya, kafin takarda ta dawo ya riga ya koma wani masaukin da cutar a ƙirjinsa. Raunin gwajin kati ana rage shi da maimaitawa, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta ba da shawara a 2022 cewa a sake gwaji bayan awa 48. Haka ma tarin fuka: motar Find and Treat takan bi masaukai a Landan ta ɗauki hoton ƙirji nan take, saboda an san mutanen nan da wuya su dawo asibiti ranar da aka sa musu. Malam kuma, ɗakunan otal ba sa isa, to da me za a tantance wanda za a fara bai wa?

Hajiya: Tambayar ta yi ma'ana, Dakta, kuma zan yarda da gwada kowa bisa sharaɗi biyu. Na farko, a nemi yardar mutum, kada a mai da gwajin kuɗin shiga. Na biyu, kafin a buɗe kwalin kati ko ɗaya, a tanadi gado a keɓe da motar da za ta kai mutum can a daren. Idan babu su, wane ne zai tsaya a ƙofa ƙarfe 11 na dare ya amsa wa dattijon nan?

Dakta: Na amince da sharaɗi na biyu gaba ɗaya. Na farkon ne har yanzu nake da ja a kai, domin wanda ya ƙi gwaji zai kwanta ne taku biyu daga gadon mai ciwon asma.