Neman kalmar Hausa: allon shela da jadawalin kwanci-tashi

1/ Jama'a, ku taya ni raɗa suna. Allunan nan masu nuna lokacin tashin jirage a filin jirgi, ko lambar wanda layi ya zo kansa a banki da asibiti, su ne Turawa ke kira digital signage. Mu kuwa har yanzu sai dai a ce "talabijin ɗin nan na bango".

2/ Allon talla bai yi ba, don ba dukkansu ke talla ba. Majigi kuma haska hoto yake a jikin bango daga nesa. Allon sanarwa ya matso kusa, sai dai na katako da ake manna wa takarda ya riga ya riƙe sunan. Ni zaɓina allon shela, domin mai shela taro yake yi wa magana, kuma ba ya jira sai an tambaye shi.

3/ Inda gizo ke saƙa shi ne sunan tsarin da ke sa allon ya kama aiki da safe, ya ɗauke da dare, ba tare da an taɓa rimot ba. Ana cewa "kunnawa da kashewa ta atomatik". Ya yi tsawo, kuma "kashewa" ɗin nan na ɓatar da mutane.

4/ Ga dalilina. Galibin allunan nan ba mutuwa suke yi da dare ba. Hoton ne ke ɗaukewa, amma wuta na nan a jikinsu, har za ka ga ƴar jar fitila a ƙasan allon. A haka ne yake iya jin umarni. Ƙaramin akwatin da ke tura masa hotuna, ko da ƴar ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi ce, kan aika umarnin ta wayar HDMI (wayar da ke kai wa allo hoto da sauti) da tsarin da ake kira CEC, wanda ke bi ta fil na 13 cikin 19 da ke bakin wayar. Samsung na kiran tsarin Anynet+, LG na ce masa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Manyan allunan kasuwanci suna karɓar umarni ta wata mahaɗar waya da ake kira RS-232 ko ta wayar intanet, da yawansu ma da agogonsu a ciki suke zuwa.

5/ Wanda aka ce wa "kashewa" kuwa sai ya nemo soket mai agogo ya riƙa yanke wutar ɗungurungum. Allon da ba wuta a jikinsa ba ya jin kira. Wasu talabijin ɗin ko wutar ta dawo ba sa nuna hoto sai an danna musu, a wayi gari allo baƙi ƙirin, mutane na tsaye suna neman bayani.

6/ Shi ya sa nake so mu raba biyu: kashewa ita ce yanke wuta, kwantarwa ita ce sa allo barci, tayarwa ita ce dawo da shi. Tsarin duka sai mu ce masa jadawalin kwanci-tashi. Na san kwanci-tashi na nufin shuɗewar kwanaki sannu a hankali, wani zai ce an ja kalmar inda ba ta saba zuwa ba. Ina ganin "jadawali" da ke gabanta ya isa ya kawar da ruɗani, ga ta da daɗin faɗi: "Ka saita masa kwanci-tashi, goma na dare zuwa shida na safe."

7/ Kwancin nan ba ado ba ne. Masu ƙera allunan kasuwanci kan rubuta 16/7 ko 24/7 a takardar bayaninsu, wato awa nawa allo zai jure a rana, kwana bakwai a mako. Na awa 16 da aka bari yana kwana a kunne zai ci wuta a banza, fitilun bayansa su dushe da wuri. Idan allon irin wanda ake kira OLED ne, hoton da ya daɗe bai motsa ba yana iya barin tabo.

8/ Saura sunan akwatin da ke tura hotunan da ba da umarnin. "Na'urar sarrafa allo" ta yi min nauyi a baki. Wa ke da wadda ta fi ta gajarta?