Don Allah a ba ni shawara, ankadrer ya ce vokal ɗin yaran da na tara ba su aiki

Ba'adare:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Abin ya hi ƙarhina shi ya sa na kawo shi nan. Ina mastar 2 fannin ilimin harsuna nan Yamai, memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala digiri, kan yadda yaran Hausawa ke koyon baƙaƙe masu ƙugiya ne, ƙ, ɓ, ɗ, da kuma ts, wato yaushe yaro ke barin cewa "kafa" ya koma "ƙafa". Asalin wanga batu ɗiyar yayata ce, Tawa suke zaune, duk hutu ina wurinsu, tun tana ƙarama ɗ ya zauna bakinta tana cewa "ɗaki" tsaf, amma ƙ ya ƙi, "kwai" take cewa, "kofa" take cewa, har uwarta ta tada hankali ta so a kai ta a duba mata harshe, Inna ta ce a ƙyale yarinya kowa da lokacinshi, ni kuma abin ya tsaya mini a rai. Daga baya na karanta binciken Kidd da Garcia na 2022, sunka duba manyan mujallu huɗu na koyon harshen yara na tsawon shekara 45, cikin harsunan duniya wajen 7,000 guda 103 kaɗai sunka samu, kuma hiye da rabin rubuce-rubucen kan Ingilishi ne. Wallahi ya ƙona mini rai.

To kuɗin kaiwa da komowa Tawa babu, sai na tura ma yayata hotuna, ƙofa, ɓera, ɗaki, tsuntsu, ƙwai, tana nuna ma yaran unguwa tana turo mini vokal ta WhatsApp. Jiya ankadrer, malamin da ke duba aikina, ya buɗe su cikin Praat, manhajar awon sautin magana, ya ce ba su aiki, ko in sake ko in canza batu. Ga sutnans, ranar kare memuwar gaban juri, na matsowa. Mi zan yi?

Mushe mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, malaminka ya yi gaskiya, kada ma ka ja da shi. WhatsApp matse sauti yake yi don fayil ya yi ƙanƙanta, wayar kanta kuma tana yanke abin da ta ɗauka hayaniya ne, to abin da kake nema a nan yake ɓacewa. In za ka ce ƙ, maƙogwaro rufewa yake ya yi sama ya turo iska, sai a ji ɗan fashewa mai kaifi da ɗan shiru kafin wasali. Ɓ da ɗ kuwa maƙogwaro ƙasa yake yi, muryar ta ɗan shaƙe a farkon wasalin. Duk wannan da kashi dubu na daƙiƙa ake auna shi. Ka nemi rakoda mai ɗaukar WAV, fayil ɗin da ba a matse sautinsa ba, ka sa saitin ɗauka a 44,100 Hz, makirfo kamar taƙi ɗaya daga bakin yaro, ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka. Ka shiga jardan guda, makarantar ƙananan yara, nan Yamai ka ɗauki yara ashirin, ka gama cikin sati. Magana ta ƙare.

Ƴar Damagaram:
Kai ma ka gode Allah naka ya buɗe aikinka ya duba. Ni nawa tun kafin azumi memuwar ɗina ke hannunsa, in na kira ya ce yana tafiya, in na je biro a rufe. Ga burs shiru, kuɗin bugawa ma rance na ci. Allah dai ya fidda mu.

Abban Nana:
Amin Hajiya. Amma Mushe, da girmanka, ban yarda da zancen jardan ɗin Yamai ba. Yaran nan da Zabarmanci suke wasa a waje, kuma Zabarmanci ba shi da ƙ, ba shi da ɓ da ɗ. Nawa yaran nan aka haife su, uwa Bahaushiya uba Bahaushe, babbar tana aji uku har yau "karfe" take cewa, in na gyara mata ta ce ai haka ƙawayenta ke faɗi. Abin yana damuna ƙwarai, yanzu da aka ce Hausa ce harshen ƙasa tun 2025 ya kamata a ce makarantu sun kula da wannan. In ya ɗauki yaran Yamai ba zai san ko yarinta ce ta hana su furtawa ko cuɗanya ba.

Ba'adare:
Yawwa Abban Nana, abin da nike ta faɗi kenan. Mushe na gode, amma ni ba awon daƙiƙa nike son yi ba. Niyyata in ba Hausawa manya su saurara su ce yaron "baki" ya ce ko "baƙi", "bari" ko "ɓari", ai kunne na jin wannan ko a vokal. Kuma yaran nan da uwa suke magana tsakar gida, ana daka, zakara na cara, sun saki jiki. Ka kai baƙo da rakoda cikin ɗaki a ruhe ka gani in yaro ɗan shekara biyu zai buɗe baki. Sannan Hausar Adar, ta yankinmu na Tawa, ce nike so, wurinmu "ɗiya" muke cewa inda wasu ke cewa "ƴa", ts ɗinmu gaban i ya kan koma kamar c mai ƙarhi. Bernard Caron ya yi littafi kan Hausar Adar a 1991, amma maganar manya ce ya bayyana, ni ta yara nike bi.

Mushe mai ritaya:
Kunne ba hujja ba ne gaban juri. Bahaushe in ya ga hoton ƙwai a ransa, ko yaro ya ce "kwai" zai rantse ƙ ya ji. Kuma ba ka faɗa mana ba, yara nawa ne? Watanninsu nawa? Wata nake tambaya, ba shekara ba. Masu bincike Werker da Tees a 1984 sun gwada jarirai masu tasowa cikin Ingilishi a Kanada da sautuka irin ƙ ɗinmu na wani harshen Salish, na ƴan asalin Kanada: ƴan wata 6 zuwa 8 suna bambance su, ƴan wata 10 zuwa 12 akasari sun daina. Ka ga wata biyu ma lissafi ne. Ni na shekara da shekaru ina koyar da karatu, na san abin da nake faɗi.

Malama Indo:
Ɗan uwa kada ka zubar da komi. Ka tsaya kan masu saurare, amma a rufe: kada su ga hoton, kada su san kalmar da aka so, ka gauraya fayilolin, mutum uku ko huɗu kowa ya rubuta abin da ya ji shi kaɗai, sannan ka lissafa inda suka dace. Wannan ya amsa maganar Mushe. Tambayata biyu dai. Yayarka ce ke fara faɗin kalmar yaro ya maimaita, ko shi ke faɗi da kansa? Don ba ɗaya ba ne. Kuma iyayen sauran yaran sun san muryar ɗiyansu za ta shiga memuwar?

Ba'adare:
Malama, wani wurin tana faɗi su maimaita, in yaro ya yi shiru dole ta taimaka mishi, ni ban ga laihi ga wannan ba. Iyaye kuwa duk dangi ne da maƙwabta, babu wanda zai ƙi. Watanni zan tambaya, wasu a gida anka haihe su sai an duba karne na awo.

Mushe mai ritaya:
To ka ji. Babu watanni, babu takardar yardar iyaye, ga maimaici. Ƙanena ka je jardan.

Abban Nana:
Ko ya haɗa biyun, Tawa da Yamai, ya kwatanta. Ni zan kawo nawa yaran.

Ƴar Damagaram:
Aiki biyu kenan, da wane lokacin? Ka yi abin da ankadrer ke so kawai, shi zai sa hannu.

Ba'adare:
Batu dai ba ni canza shi. Wa ke da rakoda nan Yamai da zai ara mini, ko wanda zai tahi Tawa cikin satin nan in ba shi saƙo ya kai ma yayata ta sake ɗauka da kanta?

Malama Indo:
Bari in tambayi wata, amma ban yi alkawari ba. Ka amsa mini tukuna, fayil nawa ne yaro ya faɗi kalmar da kansa?