An ƙwace wa ƙanwata WhatsApp, dan Allah yaya za mu yi?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar wani ya kira ƙanwata wai shi ne admin na gurup ɗin islamiyyarsu, za a yi karatu ta waya, an turo mata lamba 6 ta SMS ta karanto masa a saka sunanta. Ita kuma ba ta kawo komai a ranta ba ta karanto. Ko minti 5 ba a yi ba WhatsApp ɗinta ya fita. Yanzu yana ta bin dangi da sunanta da hotonta wai tana asibiti a taimaka da sefa 20,000, har gwaggonmu ta Marwa ta tura kafin labari ya iso mata. Yarinya tun jiya take kuka ko abinci ta ƙi ci. Akwai hanyar dawo da shi?

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, ka lallashe ta, wlh manya ma ana yi musu. Tunda layin yana hannunta ta sake buɗe WhatsApp ta sa lambarta, za a turo mata sabon kod, da zarar ta shigar shi kenan an fitar da ɓarawon. Sai dai in ya riga ya sa PIN nasa to sai ta haƙura kwana 7 kafin ta shiga, amma shi ma a lokacin ya fita. Tana shiga ta je setin wajen tabbatarwa mai mataki biyu ta sa nata PIN ɗin, kar ta sa shekarar haihuwa. Yau ɗin nan ku kira dangi baki da baki ku faɗa musu, kar ku tsaya jiran status.

Mai gyaran waya Kusiri:
Ɗan uwa kod kam an gane, amma abin da ya fi damuna shi ne abin da muke bayarwa da hannunmu ba wanda ya roƙe mu. Mutum zai kawo min waya gyara ya faɗi lambar buɗewa da ƙarfi a gaban jama'a ya tafi kasuwa abinsa, ciki akwai hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, hotunan iyali, har kod ɗin mobil moni an rubuta a wajen ajiye lambobi da suna "sirri". Wasu daga Injamena suke tsallako gada su sayar da waya ba su goge komai ba, wanda ya saya ya gaji asirin gida gaba ɗaya. Ni ina tsoron Allah, amma kowa ne haka? Ga masu tura hoton kati a gurup wai ana ɗaukar aiki, alhali da katin nan ake rajistar layi, gobe a yi ta'asa da sunanka kai ne za ka kwana a komisariya.

Malama daga Ngaundere:
Ƙanena ku ajiye saƙonnin da lambar da gwaggo ta tura wa kuɗin, ku ɗauki hotonsu kar ku goge, ku kai ƙara. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun 2010, ga hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet, sannan a Disamba 2024 an yi dokar kare bayanan mutane. Kuma ƙanwar taka ta rufe hoton fuskarta sai waɗanda ta ajiye lambarsu, ta hana kowa jefa ta gurup ba izini. Ni tuni na daina sa hoton yarana da rigar makaranta, sunan makarantar yana ƙirji ɓaro-ɓaro kowa na karantawa.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Mun gwada yanzu kod ya shigo amma ya nemi PIN, ashe ya riga mu, to za mu jira kwana 7 ɗin. Na kira kawunmu ya sanar a masallacin unguwa bayan magariba. Hajiya Maman Hanifa ni ma na duba tawa wayar ban taɓa sa PIN ɗin ba, yanzun nan na sa, saura ta mahaifiyarmu in na koma gida.