Me ya sa tudu ke gina ɗan wasa amma yake kwantar da ɗan yawon buɗe ido?

Ɗan Taswira:
Assalamu alaikum malamai. A darasin yadda yanayin ƙasa ke shafar wasanni da yawon buɗe ido na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. Masu gudun fanfalaki suna tururuwa zuwa Iten ta Kenya don atisaye saboda tsayin garin, amma kuma masu hawan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya tsayin ne ke kayar da su. Abu ɗaya, ya zama magani a nan, cuta a can? A taimaka da bayani da alƙaluma.

Malam Labarin Ƙasa:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da gyara kuskuren da ya fi yawo, wato cewa oksijin ƙarewa yake a sama. Kasonsa a cikin iska kusan 21 ne cikin ɗari, a bakin teku da kan dutse duka. Abin da ke raguwa shi ne matsin iska. In ka kai mita 5,500 matsin ya koma kusan rabin na bakin teku, don haka kowane numfashi rabin abin da ka saba yake kawo maka. Sanyi ma yana biye: kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na sauka da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas.

Yanzu dubi wuraren. Iten tana wajen mita 2,400, Bekoji ta Habasha kusan 2,800, ƙololuwar Kilimanjaro kuwa 5,895. Mai atisaye yana zama makonni a tsayin da jiki zai iya sabawa da shi. Mai hawan dutse yana ninka wannan tsayin cikin kwana biyar ko shida. Nan bambancin yake: yawan tsayin, da saurin isa gare shi.

Gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, ita ta buɗe wa duniya ido. Iska mara nauyi ba ta tare jiki sosai, sai gajeren gudu da tsalle suka yi kyau, har Bob Beamon ya yi dogon tsallen mita 8.90. Dogon gudu kuwa 'yan tudu suka kwashe: Naftali Temu a mita 10,000, Kipchoge Keino a mita 1,500, dukkansu 'yan Kenya, sai Mamo Wolde na Habasha a fanfalaki.

Kocin Gudu:
Malam ya aza tubali, bari in ɗora ta ɓangaren atisaye. In jini ya ji ƙarancin oksijin, ƙoda takan ƙara sakin sinadarin EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara yin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ba aikin kwana biyar ba ne. Ana son mako uku zuwa huɗu, a tsayin mita 2,000 zuwa 2,500. Ƙasa da haka jiki ba ya ƙara ƙwayoyin sosai, sama da haka barci ya lalace, cin abinci ya ragu, ɗan wasa ya rame.

Inda ake yin asara uku ne. Na farko sinadarin ƙarfe: da shi ake gina jajayen ƙwayoyin, saboda haka a auna jini makonni kafin tafiya. Wanda ya hau da ƙarancinsa zai sha wahalar banza ya dawo yadda ya tafi. Na biyu zumuɗi. Makon farko a rage nauyin atisaye da saurinsa, domin bugun zuciya kan hau a kan gudun da a ƙasa wasa ne. Wanda ya dage sai ya yi lokacin da ya saba yi a gida, mako na biyu zai same shi a gajiye ko da mura. Na uku ruwa, iskar tudu busasshiya ce kuma numfashi ya ƙaru, jiki na tsotsewa ba tare da an ji ƙishi ba.

Akwai kuma matsalar da tudun kansa ke kawowa: ba ka iya gudu da cikakken sauri a can, sai ƙafa ta yi nauyi. Shi ya sa binciken Levine da Stray-Gundersen na 1997 ya yi tasiri: a kwana a mita 2,500, a sauko wajen 1,250 don atisaye mai zafi. Wurin da ke da tudu da kwari kusa da juna ya fi wanda ke da tudu kawai daraja.

Sai dai kada a ɗora nasarar 'yan Kenya da Habasha kan tsayi kaɗai. Nepal da Bolibiya sun fi su tudu, ba su fitar da irin waɗannan 'yan gudu ba. Atisaye cikin rukuni, hanyoyin ƙasa masu laushi, da ganin na gaba ya samu rufin asiri ta gudu, duk suna ciki.

Ɗan Taswira:
Na gode Koci. To ƙungiyar ƙwallo da ba ta da mako uku fa, wasa ɗaya za ta buga ta koma?

Kocin Gudu:
Misalinka birnin La Paz na Bolibiya ne, filinsu ya haura mita 3,600. A 2007 FIFA ta hana wasannin ƙasa da ƙasa sama da mita 2,500, ƙasashen tsaunukan Andes suka yi ca, aka dakatar da dokar a 2008. A 2009 Bolibiya ta ci Ajantina 6 da 1 a can. Dabarar baƙi ita ce su kwana a Santa Cruz, mai tsayin mita 400 da ɗoriya, su shigo da jirgi awanni kaɗan kafin wasa. Hakan ba ya hana haki, ciwon kai da rashin barci kawai ake gudu, tunda sukan ɗauki awanni kafin su bayyana. Mafi muni a iso saura kwana biyu ko uku. A kuma ba mai tsaron gida lokaci ya gwada ƙwallo, don tana tafiya da sauri kuma ba ta lanƙwasa yadda ya saba.

Likitar Tsauni:
Ni ɓangaren matafiya ya fi damuna, domin nan ake rasa rai. Ciwon tsayi kan fara daga mita 2,500, yawanci awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya karewa. Majiya ƙarfi ma su suka fi saurin hawa, su suka fi faɗawa.

Ƙa'idar ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana, kuma duk kwana uku ko huɗu a huta kwana guda. Wurin kwana ake lissafawa, ba inda ka taka da rana ba. Ɗora wannan a kan hanyar Marangu ta hawan Kilimanjaro, mai kwana biyar, inda ake kwana a: Mandara mita 2,700, Horombo 3,700, Kibo 4,700. Mita dubu kowane dare, ninki biyu na ƙa'ida. Hanyar Lemosho ta kwana takwas ta fi, kuma a cikinta ake hawa Lava Tower wajen mita 4,600 da rana a sauko Barranco a kwana ƙasa da 4,000. A Peru ma, jirgi na sauke mutum a Kusko, mita 3,400, alhali Machu Picchu, tsohon birnin tarihi da ya zo gani, tana 2,430. Gara a gangara kwarin Urubamba a yi kwanakin farko, a bar Kusko sai daga baya.

Maganin rigakafin ciwon tsayi, wato asetazolamaid, miligiram 125 sau biyu a rana, ana fara shi kwana guda kafin hawa, amma da izinin likita. Yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kuma ba lasisin gaggawa ba ne. Mai ciwon sikila ya ga likitansa kafin ya biya kuɗin tafiya.

Wanda ke da ciwon kai kada ya ƙara hawa sai ya warware. In kuwa ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari mai kumfa, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko huhu. A sauko da shi nan take, mita 500 zuwa 1,000, ko da tsakar dare ne, kuma kada a bar shi ya sauka shi kaɗai.