Masu safiyo, me za mu kira "cross section" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum. Masu safiyo da masu zanen hanya, ku matso mu tsayar da magana. Ina koya wa ƙannena Civil 3D, manhajar zanen hanya a kwamfuta, da Hausa, amma da mun zo kan "cross section", wato zanen da ke nuna faɗi da zurfin hanya ko rafi kamar an yanka su, sai harshena ya sarƙe. A bakin aiki kuros-sekshin muke cewa mu wuce. Sai ka ga yaro ya faɗe ta sau ɗari, bai san abin da ake yankawa ba.

2/ Na ji masu cewa "sashe", na ji masu cewa "yankan tsakiya". Sashe bai yi ba, ɓangaren abu ne kawai. Yankan tsakiya ya faɗi inda aka yanka, bai faɗi yadda aka riƙe wuƙar ba, alhali riƙon wuƙar shi ne aikin.

3/ Ku tsaya gaban mai rake ku kalli hannunsa. In ya sara a miƙe, fuskar raken zagaye ce kamar kwabo. In ya karkata wuƙa, sai fuskar ta yi tsawo kamar ƙwai, raken kuwa bai ƙara kauri ba. Ƙasa ma haka take a kwamfuta. Layin da za ka yanka rafi ko hanya da shi, dole ya ratsa layin da ya bi tsakiyar rafin ko hanyar a digiri 90, abin da magina ke kira sukwaya. Rafi mai faɗin mita 10, in layinka ya kauce da digiri 30, zane zai ba ka mita 11.5. In ya kauce da digiri 45, sai ka ga mita 14. Gaɓar rafin ma za ta kwanta, ta ɓoye maka tsananin gangararta. Daga wannan zanen ake lissafin haƙa da ciko, don haka kuskuren bai tsaya a allo ba, har yawan tifar jar ƙasa yake kaiwa. Na taɓa jan layin da hannu a wata kwana, ban duba kusurwa ba, sai da muka je da tef muka tarar lambatun bai kai faɗin da na zana ba. Kwana biyu muka yi muna sake lissafi.

4/ Shi ya sa nake ganin "yankan giciye" ta fi. Giciye na ɗauke da ratsawa, kuma nan take ta ba mu kishiyarta: "yankan kaikaice", wato wanda ya karkace. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da Faransanci suna cewa "profil en travers", ma'anar giciyen ce a ciki.

5/ Saura kallo. Ko yankan ya yi daidai, in ka juya zanen ka tsaya a gefe, ido zai matse maka faɗin. Kaikaitaccen yanka yana ƙarawa, kaikaitaccen kallo yana ragewa. A AutoCAD, manhajar da aka gina Civil 3D a kanta, sai ka ɗora UCS, wato alamar da ke nuna wa manhajar shimfiɗar da kake aiki a kai, a kan wurin da aka yanka, ka buga umarnin PLAN, zanen ya fuskance ka. Abin da ya bayyana mu kira shi "fuskar yanka", tsayuwar kuma "kallon gaba-da-gaba".

6/ Yankan da ya bi tsawon hanya kuma, "yankan tsawo". A kansa ne ake yawan sa ma'aunin kwance 1:1000, na tsaye 1:100, har ɗan tudu ya koma kamar Dala a allo. Wannan ƙarin tsayin na sa masa suna "ninkin tsayi", ninki 10 ke nan a misalin nan. Malaman Hausa da manyanmu a safiyo, in akwai wadda ta fi waɗannan zama a baki, ku kawo kafin darasina na gaba da ƙannen nawa.