Mabuɗin API: abin da kowannenmu ya fuskanta wajen haɗa manhaja da ƙirƙirarriyar basira ta gajimare

Bakano

Assalamu alaikum. Ina so mu tattara abin da kowannenmu ya gani wajen haɗa manhajarsa da kamfanonin da ke bayar da hayar ƙirƙirarriyar basira ta intanet, musamman batun mabuɗin API (API ita ce ƙofar da manhaja ke bi ta aika musu buƙata), wato rubutun sirrin da suke ba mutum domin su gane shi, su kuma cire kuɗi daga asusunsa. Zan fara da nawa.

Na haɗa wata ƙaramar manhajar Android da ke yi wa ɗaliban sakandare bayanin lissafi da Hausa. Da yake jarrabawa ta matso, sai na rubuta mabuɗin a cikin manhajar kanta, na tura ta rukunin WhatsApp na ɗalibai, su kuma suka yi ta tura wa abokansu. Ba a yi mako biyu ba, wata safiya ɗalibai suka fara kirana cewa manhajar ta daina amsawa. Da na buɗe shafin da ke nuna yadda aka yi amfani da asusuna, na tarar kuɗin da na yi lissafin zai kai mu ƙarshen zangon karatu ya ƙare cikin dare ɗaya, kuma buƙatun duk sun shiga ne tsakanin ƙarfe biyu da asuba, zuwa ga wani samfurin ƙirƙirarriyar basira mai tsada wanda ban taɓa kira ba. Daga baya na fahimci cewa fayil ɗin APK, wato wanda ake girka manhajar Android da shi, ƙunshi ne kawai da kowa zai iya kwancewa da kayan aiki na kyauta irin su jadx, ya karanta duk rubutun da ke ciki. Abin da ya fi damuna shi ne yaran da suka dogara da ita ana gobe jarrabawa.

'Yar Zariya

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Duk abin da ya sauka a wayar wani ya fita daga hannunka, ko da ka rikita rubutun ko ka rarraba mabuɗin gida uku, domin dole manhajar ta haɗa shi kafin ta aika, kuma a nan ake kama shi. Hanyar da nake bi ita ce in kafa ƙaramar sabar tawa, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatu ta intanet, a tsakiya: waya ta yi magana da sabar, sabar ce kaɗai ke riƙe da mabuɗin, ita ce kuma ke ƙayyade yawan tambayoyin da kowane mutum zai yi a rana.

Nawa kuskuren ta wata ƙofa ya shigo. Na ajiye mabuɗin a fayil ɗin .env kamar yadda ya dace, amma ban saka sunan fayil ɗin a cikin .gitignore ba, wato jerin fayilolin da ba a so a tura, sai ya bi sauran aikin zuwa ma'ajiyata ta fili a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Na lura da wuri, na goge shi, na sake turawa, hankalina ya kwanta. Ashe git, manhajar da ke adana tarihin kowane sauyi, ba ya mantuwa; tsohon zubin yana nan cikin tarihi, kuma akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne laluben irin waɗannan mabuɗai, waɗanda ba su da wuyar ganewa tunda na OpenAI da sk- suke farawa, na Google kuma da AIza. Tun 2024 GitHub yana tare turawar da ya hango mabuɗi a ciki idan ma'ajiyar ta fili ce, amma ba kowane irin sirri yake ganewa ba. Maganin guda ɗaya ne, a soke mabuɗin nan take a ƙirƙiri sabo.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba sata aka yi mini ba, ƙin karɓata aka yi, kuma na kwana biyu ina neman dalili. Ina amfani da Vertex AI na Google, inda a maimakon mabuɗi ɗaya ake iya ba ka fayil ɗin JSON na asusun hidima, ka nuna wa manhajar inda yake ta hanyar GOOGLE_APPLICATION_CREDENTIALS. Da wannan fayil manhajar ke sa hannu a kan wata takarda mai ɗauke da lokaci, a musanya mata da tikitin shiga wanda ke aiki na awa ɗaya. A kwamfutar abokin aikina komai yana tafiya, a tawa kuwa kullum amsar ita ce invalid_grant. Na sauke sabon fayil har sau uku, na duba izini, na sake girka komai, abin ya ƙi.

A rana ta biyu, bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, idona ya kai kan agogon da ke kusurwar allo, na ga yana baya da kwanaki da dama. Ƙaramin batirin da ke riƙe wa kwamfutar lokaci ya mutu, don haka duk takardar da ta sa wa hannu tana ɗauke da kwanan watan da sabar ba za ta yarda da shi ba. Na saita agogon ya riƙa daidaita kansa ta intanet, na kai ta wajen mai gyara ya sauya batirin, kuma a gwaji na farko ta shiga. Masu aiki da tsofaffin kwamfutoci a inda wuta ba ta tsayawa, don Allah ku fara duba agogo kafin ku zargi mabuɗi.

Basakkwace

Abin da zan ƙara shi ne a riƙa karanta lambar kuskure da kyau. 401 na nufin ba a gane ka ba, 403 an gane ka amma ba ka da izini, 429 kuma ko dai ka yi yawan buƙata ko kuɗinka ya ƙare. Na taɓa sauya mabuɗi sau da yawa saboda 429, alhali katin bankina na naira ne bai wuce ba, asusun babu ko sisi. A lura kuma cewa kuɗin wata na ChatGPT daban yake da kuɗin API. Sannan kowane kamfani da inda yake son a ɗora mabuɗin a saman buƙata: OpenAI yana karɓa ta Authorization tare da kalmar Bearer, Anthropic ta x-api-key haɗe da anthropic-version, Azure na Microsoft kuma ta api-key. Akwai ranar da 401 ta hana ni barci, ashe wani fili ne da ba a gani ya maƙale a ƙarshen mabuɗin lokacin da na kwafo shi daga waya.

Malamin Kwaleji

A sashenmu mun yi shekara muna raba mabuɗi ɗaya mu shida, kuma da wani ya bar aiki babu wanda ya san manhajojin da za su tsaya idan aka soke shi. Yanzu kowane aiki da mabuɗinsa da iyakar kuɗinsa. A AWS, hidimar gajimare ta Amazon, ma mun daina ajiye mabuɗan dindindin masu farawa da AKIA a kan sabar, mun koma ba sabar matsayi na IAM, tsarin izini na AWS, wanda ke samar mata da shaidar wucin gadi mai sabunta kanta.

Bakano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na soke tsohon mabuɗin, na kafa sabar a tsakiya kamar yadda 'yar'uwa ta bayyana, na kuma sa iyakar kuɗi ta wata. Abin da ya rage mini shi ne adireshin sabar yana cikin manhajar, don haka wanda ya kwance ta a baya zai iya aika buƙatu kai tsaye. Ina tunanin ba kowane ɗalibi lambar shiga ta kansa ta hannun malamin ajinsa, tunda da yawansu wayar iyayensu suke ara kuma ba su da imel. Idan akwai wanda ya gwada haka da ɗalibai, ina son jin yadda ya yi da waɗanda suka ɓatar da lambarsu.